Zobban Tagullar Da Suka Ci Mini Damina Guda

Malam Edita, gaisuwa mai yawa gare ka da masu karatunka. Ni tsoho ne a Zuru, ido ya gaji, hannu yana rawa, bokon kuma na bariki ne da na yaƙi da jahilci, saboda haka inda na karkace a miƙe mini. Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan Rikoto, ban daɗe da tuɓe kayan soja ba bayan yaƙin Jamus na farko, da igiya biyu ta kofur a hannuna. Na ga teku, na shiga jirgin ruwa, na yi amai a cikinsa har na ce raina zai fita, amma da na dawo gida ban ba kowa labarin aman ba. Tafiyata ma daban take da ta mutane, ƙirji a gaba, hannu yana lilo. Idan ana gardama a gindin bishiya, ko kan yadda ake haƙon gyaɗa ne, sai in ce ai mu da muka zaga duniya mun san wannan. Abokaina suna ce mini Kofur, rabi girmamawa rabi tsiya, ni kuwa girmamawar kaɗai nake ji.

Na sami aiki wajen wani baturen hanya, matashi dogo mai jan wuya, wanda aka turo ya riƙa duba hanyoyi da kwalbatocin ƙasarmu. Ni ne masinjansa, ni ne tafintansa, don Hausarsa in ya yi maka ita sai ka nemi wanda zai mayar maka da ita Hausa. Ni ne kuma mai kula da babur ɗinsa, wanda yawancin mutanenmu a kansa suka fara ganin babur. Ba irin na yanzu ba ne mai sarƙa. Bel ne mai kauri yake tasowa daga inji ya zagaya wani babban zoben ƙarfe mai kwari a tsakiya, wanda makanikai ke ce wa fuli, shi kuma an ɗaure shi a jikin wayoyin ƙafar baya da ƙananan notoci, zagaye. Inji ya ja bel, bel ya ja fuli, fuli ya ja ƙafa. In fuli ya saki, inji ya yi ta kuka har gobe, babur yana nan inda yake. Tayar da shi ma aiki ne. Bature ya hau, in tura shi da gudu har ya yi tari ya kama, sa'an nan in bi shi in daka tsalle in faɗa kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, inda muka ɗaura buhu don kada ƙarfe ya cinye mini mazaunai. Kulawar da nake yi masa kuwa wanki ne da goge. Ba a taɓa ce mini in kwance komai ba.

Ga wanda bai san al'adarmu ba, a wancan zamani saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Golmo yake yi, wato ya yi wa uban yarinya noma shekara bakwai, shi da sa'o'insa, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan, da kiɗa da waƙa. In ya cika, sai bayan kaka a bikin Uhola kowa ya shaida ya zama namiji, a ba shi matarsa. Wadda nake wa golmo 'yar Dabai ce, gajera, baƙa, mai wushirya, mai bakin tsiya. Ina sonta tana sona, wannan ba a ɓoye yake ba. Matsalar ita ce, shekarun da na yi a soja abokaina ne suka riƙa ɗaukar rabona, da na dawo kuma aikin Bature ya riƙa cin wasu ranakun. Ubanta tsoho ne mai yawan dariya, amma ba ya magana biyu. Farkon daminar ƙarshe ya kira ni ya ce ya ga bayan abokaina ya ishe shi, nawa yake so ya gani kafin ya ba ni ɗiyarsa. Ya ce ranar huɗar dawarsa, wadda ita ce aikin ƙarshe, in rana ta fito ba ta same ni duƙe cikin gonarsa ba, to daminar bana ta tashi a banza, sai in ƙara wata. Na ce masa ai wannan ƙaramin abu ne ga wanda ya je yaƙi ya dawo.

Huɗa ta gabato sai ruwa ya cinye wata kwalbati can gaba da Manga, muka tare a wurin da leburori. Ana gobe huɗa, da hantsi, na tuna wa Bature. Ta wannan fanni mutumin kirki ne. Ya ce in na ga dama in kama hanya yanzu da ƙafa in kwana a Dabai, in kuwa na fi so in jira, shi ma gobe zai shiga Zuru, sai ya ɗauke ni da asuba ya ajiye ni har bakin gona. Malam Edita, mai hankali ya san wanda zai zaɓa. Ni kuwa nan take sai na hango kaina ina sauka daga babur a gaban mutanen Dabai, da tsohon kakina, galma a kafaɗa, yarinya tana kallo, abokan nan masu ce mini Kofur da tsiya sun saki baki. Na ce zan jira. Ban tsaya nan ba, sai da na tare wani mai tallan gishiri da zai bi ta Dabai, na ce ya shaida musu kowa ya fito da wuri, Kofur zai zo a kan babur.

Tunda yini ya zama nawa, Bature yana can bakin kwalbati yana fama da leburori, sai na ce bari in saka masa alherinsa, in kuma gyara dokin da zan hau. Na wanke babur, na goge shi da toka da tsumma har yana ɗaukar ido. Da na duƙa wajen ƙafar baya ina cire laka, sai na lura ƙarƙashin kowane noti na fulin nan akwai wani ɗan zoben baƙin ƙarfe, kuma a tsage yake, baki ɗaya ya ɗaga sama, ɗaya ya yi ƙasa. Na duba na kusa da shi, a tsage. Na zagaya duka, babu mai lafiya ko ɗaya. A bariki in aka zo duba kaya aka sami tsaga a jikin wani abu naka, ko maɓallin riga ne, ranar sai ka gane kurenka wajen samanja. Abin da aka dasa mana a kai game da bindiga shi ne, abin da ya tsage a canja shi, abin da ake murɗawa a shafa masa mai, kuma kada ka matse shi da ƙarfin tsiya. Na ce a raina wato Baturen nan yana yawo a kan fasassun zobba bai sani ba, Allah ya so shi da ya ɗauki tsohon soja.

Na ɗauko sifana daga 'yar jakar fatar da ke ƙarƙashin sirdi, na kwance notocin, na tattara zobban a tafin hannu na nufi maƙerar Manga. Maƙerin dattijo ne marar yawan magana. Ya jujjuya su, ya danna ɗaya da awartaki, ya saki, ya ga ya koma yadda yake. Ya ce shi dai abin da ya ɗaure masa kai, yaya aka yi duka suka fashe iri ɗaya. Na ce masa ƙarfen Turai ne, bai saba da zafin ƙasarmu ba, ni na san halinsa. Ya ce to, Kofur ya fi shi sani. Na ce ya yi mini sababbi, cikakku, ba tsaga, kuma na tagulla nake so don su yi ƙyalli. Ya sare wata tsohuwar munduwa, ya buga ta ta yi faɗi, ya yanka, ya huda, ya goge. Wallahi sun yi kyau. Har yau in na tuna su sai in ce sun yi kyau. Tsofaffin kuwa na bar masa su a kan uwar maƙera na ce ya zubar.

Na dawo na zauna na yi aikin da nake ganin Bature zai ba jikokinsa labari. Man injinsa yana kulle cikin akwati, don haka na roƙo man kaɗe wajen matan da ke yi wa leburori tuwo, na riƙa lakuta ina shafa wa kowane noti har yana sulɓi. In sa zobe, in sa noti, in murɗa da yatsa, in ƙara ɗan kaɗan da sifana, in tsaya, don na ga tagullar tana da laushi, in na matsa za ta lotse kyan ya ɓaci. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya a jere har na zagayo. Na mayar da bel, na ja da baya na duba, ƙafar baya ta fito kamar amarya. Na rufa wa babur tamfol. Ban gaya wa Bature ba, na ce sai mun isa Dabai in nuna masa a gaban jama'a.

Da asuba na sa kaki, na naɗe ƙwauri da ƙyallen soja, na rataya galma a baya. Na tura, ya yi tari, ya kama, na daka tsalle. Hanyar duk tsakuwa ce da ramukan da ruwa ya haƙa, babur yana ta tsalle da mu, amma ni daɗi kawai nake ji. Ga iska mai sanyi, ga dawa kore shar hagu da dama, gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsu. Ina ta shirya yadda zan sauka, ko in sara wa tsoho irin ta soja, ko in durƙusa. Sai na fara jin wata 'yar ƙara a ƙarƙashina, kacau-kacau. Bature ya waiwayo yana tambaya da ƙarfi mene ne wannan. Na ce galma ce, Sa, take bugun kariya. Na gyara galma, ƙara ba ta daina ba. Na ga wani abu ja ya yi tsalle ya faɗa ciyawa, na ce wa kaina tsakuwa ce. Can sai bayan babur ya fara kaɗa gindi kamar agwagwa. A nan na sha jinin jikina. Da na taɓa kafaɗar Bature na ce ya tsaya, da da sifana kaɗai an gama. Amma na yi shiru, ina roƙon Allah ya kai mu ko da bakin Dabai ne, a gan ni tukuna.

Ba mu kai ba. Muna gangara wani ɗan kwari sai bel ya fice ya tsula mini bulala a ƙwauri, inji ya kwarma ihu, fuli ya sulluɓe ya shiga tsakanin wayoyi, ƙafar baya ta cije. Abin da na sani kawai, na ga sama, na ga ƙasa, sai na ji ni kwance cikin laka a gonar wani bawan Allah, galma a gefe, bakina cike da ƙasa. Bature yana can gaba a zaune tsakanin dawa, hularsa ta gangara tana juyi a hanya. Wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka ta tsaya ta dube mu, ta ce sannunku, ta wuce abinta, ko ɗigo bai zube mata ba. Muka lallaba jikinmu. Shi gwiwar hannu ta ɗaye, ni gwiwa da goshi. Allah ya tsare, babu karaya.

Bature ya rarrafa wajen babur yana magana da yarensu, irin maganar da tafinta ba ya fassarawa. Ya ɗaga fulin ya ga 'yan notoci kaɗan ne suka rage suna lilo, sauran sun watse a hanya. Ya zaro zoben tagulla ɗaya, ya goge a wando, ya ɗaga shi sama yana kallo. Ya shinshina yatsunsa ya ji man kaɗe. Ya dube ni. Ni kuma jinin soja ya motsa, na miƙe na ƙame, laka tana zuba daga haɓata, na ba da rahoto tiryan-tiryan, cewa na sami zobba a fashe, na canja, na sa mai, ban matsa ba. Jan wuyansa ya hau har kunne. Na ce a raina shi ke nan, yau aiki ya ƙare, wataƙila har da gidan yari. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Mutumin nan ya koma ya zauna cikin laka ya yi ta dariya har da hawaye. Da ya sarara sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, ni ma na duba. Rana ta leƙo a kan dutse. Ya ce, "Kofur, bar babur. Gudu."

Ban taɓa yin gudu irin na ranar ba, har a yaƙi. Na yanke ta gonaki, na tsallake rafi, ƙyallen ƙwauri ɗaya ya warware yana bina a baya ban tsaya naɗewa ba. Tun daga nesa nake jin gangar golmo, kowane bugu a ƙirjina yake sauka. Kafin in ɓullo hantsi ya yi sosai. Abin da na manta shi ne saƙon mai gishiri. Dabai kaf tana bakin hanya, tsofaffi da jikoki a baya, yara a kan bishiya, har da wani makaho da aka jawo don ya ji ƙarar da kunnensa. Suna jiran babur, sai ga Kofur a ƙasa, laka har gira, jini a goshi, ƙyalle yana jan ƙasa. Wata tsohuwa ta leƙa bayana ta tambaya ko abin yana tafe ne. Daga nan dariya ta ɓarke, ta bi ni har cikin gona. Na tarar abokaina sun ci fiye da rabi. Na faɗa layi, na yi ta huɗa kamar zan tsaga ƙasa, mai kiɗa kuwa nan take ya sa ni cikin waƙa. Yarinyar ta kawo kunu, ta miƙo mini ƙwarya tana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata, amma idonta ya kawo ruwa, don ita ta san halin ubanta.

Da aka tashi, tsoho yana zaune a gindin ɗorawa. Na je na durƙusa na kwashe labari duka na faɗa masa. Ya yi dariya sosai, har ya sa na maimaita masa wajen Bafulatanar. Na fara sa rai. Ya yaba huɗar da na yi, ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi aikin mutum biyu da fasasshen goshi ba. Sa'an nan ya tambaye ni abu ɗaya, ko Bature ne ya hana ni tahowa jiya da ƙafa. Da a ce na ce i, da babu mai tona ni. Amma tsohon yana kallon cikin idona, sai na ji bakina ya ce a'a, Baba, ni na zaɓi babur. Ya gyaɗa kai, ya ce da yarenmu, "To, ɗana, rana ta fito ba ta same ka ba. Sai baɗi, in muna da rai." Na so in yi kuka, sai dai ga abokai a tsaye.

Leburori ne suka ɗauko babur a ka zuwa Zuru. Da Bature ya ji abin da ya faru a Dabai sai ya daina dariya. Ya ce shi zai je da kansa, ko ya sa hakimi ya kira tsohon, magana ɗaya ce. Kuma gaskiyarsa, a wancan zamani magana ɗaya ce. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Na tare yarinyar a hanyar rafi na gaya mata, ina tsammanin za ta yi tsalle. Ta sauke tulu ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "In Bature ne zai karɓo ni, to shi zan bi. Kai ka yi nomanka, ni ina nan." Ta ce ba za ta zauna a gidan da za a riƙa nuna ta ana cewa ga wadda aka ƙwato da bakin hakimi ba, ubanta kuma ba zai sake ɗaga kai a Dabai ba. Ta ɗauki tulunta, ta ɗan yi gaba, ta juyo ta tambaye ni ko zobban nan akwai saura, tana son ɗaya na yatsa. Na koma na ce wa Bature na gode, a bar maganar.

Zobban asali kuwa sai da na koma Manga nemansu. Ashe maƙeri bai zubar ba, matarsa ta zura su a zare ta ɗaura wa jaririnta a ƙugu, sai da na ba da gishiri da haƙuri kafin a kwance. Notocin da suka watse leburori suka tsinto wasu, sauran aka jira har aka aiko da su daga bakin jirgin ƙasa. Ranar da za a ɗaura, Bature ya zaunar da ni ya ce da hannuna zan yi. Ya nuna mini tsagar nan da gangan aka yi ta. In ka matsa noti zoben yana miƙewa, bakinsa ya ciji ƙarfe, shi ya sa girgiza ba ta kwance shi. Ya sa na wanke man kaɗe tas da kananzir, ya ce wurin nan a bushe ake ɗaure shi. Kuma ba a bi a jere. In ka kama wannan kaɗan sai ka tsallaka ka kama mai kallonsa a ɗaya gefen, kana zagayawa kana ƙarawa sannu-sannu. Sai ka ɗaga ƙafar ka juya ta, ka kafa tsinke kusa da fuli, in yana taɓawa yana saki to a karkace yake, ka sassauta ka sake. In ya daidaita sai ka matse har zoben ya kwanta, ka ji sifana ta tsaya a hannunka, ba ka taka ta da ƙafa ka karya noti ba. In an yi 'yar tafiya a sauka a sake bi da sifana. Da wannan karatun na ci abinci har tsufa, don daga baya gyaran keke da babur na kama a bakin kasuwar Zuru.

Daminar da ta biyo ban yi fashin golmo ko sau ɗaya ba, kuma da ƙafata nake zuwa. Ranar huɗa tsoho ya fito ya tarar har na yi zufa. Bayan Uhola aka ba ni ita. Mun daɗe tare, mun haifi 'ya'ya, mun ga jikoki, kuma ba ta taɓa barin maganar nan ta mutu ba. In na ɗaura ƙofar rumbu sai ta bi bayana ta girgiza ta gani. In baƙi suka zo ina cikin ba da labarin yaƙi, sai ta leƙo daga madafi ta ce in ba su na Dabai. Waƙar da mai kiɗan nan ya yi mini har 'ya'yana sun iya ta, kuma na san wadda ta koya musu. Nakan yi fushin ƙarya, ita ta yi dariyar gaske.

Abin da ya sa na rubuto, yanzu babura sun cika gari, samari suna ta sheƙa gudu da su, da mata da yara a baya. Na yanzu sarƙa ce da faranti mai haƙora, amma dai notoci ne suke riƙe da shi a ƙafar baya, hanyarmu kuma ba ta daina girgiza ba. Ku riƙa duƙawa kuna taɓa su kafin tafiya. In kun ji baƙuwar ƙara a baya ku tsaya nan take, kada ku yi irin shirun da na yi. Abin da ba ku gane amfaninsa ba kada ku cire shi don ya yi muku muni, ku tambaya, wanda ya sa shi a wurin ba mahaukaci ba ne. Ni laka mai taushi na faɗa, a kan babur ɗin da bai fi doki gudu ba. Ku kwalta ce take jiranku.

Mutane sukan ce na ci arha, tunda ban karye ba, aiki bai tafi ba, matar ma na same ta. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, ina ba da labarin ana dariya, har yau ma ina so a yi dariyar. Amma bara da kaka Allah ya karɓi abarsa. Tun daga nan in na zauna a ƙofar ɗakinta ba yaƙin nake tunawa ba, ba faɗuwar ba. Shekarar nan guda nake tunawa, tana Dabai ina Rikoto, ga ƙuruciya ga lafiya, babu abin da ya raba mu sai son a gan ni da ƙin ƙarasa murɗin sifana. Da za a ce in roƙi abu ɗaya a mayar mini a duniyar nan, ba ƙarfina zan roƙa ba, ba idona ba. Shekarar nan nake so, in yi ta tare da ita.